A karrama makarantun da ke koya wa yara kiyaye muhalli, amma a je duba su a watan Maris

A garin Jos makaranta kan yi suna ta hanyoyin da kowa ya sani. Wata ta yi fice da sakamakon jarrabawar WAEC da NECO, wata da kofin ƙwallon ƙafa, wata da gasar kacici-kacici ko musabaƙar karatun Alƙur'ani, wata kuma da iya maci a bikin ranar yara ta 27 ga Mayu. Duk waɗannan abin yabo ne, kuma ina cikin iyayen da kan ji daɗi har zuci idan aka kira sunan makarantar 'ya'yansu a bainar jama'a. Sai dai akwai wani aiki da wasu malamai ke yi ba tare da kowa ya waiwaye su ba, wato fitar da yara daga cikin aji domin su san itatuwa da tsuntsaye da rafuka da ƙasar da suke takawa, su kuma koyi kula da su da hannunsu. Ra'ayina shi ne wannan aiki ya cancanci lambar yabo ta shekara-shekara a Jihar Filato, wadda za ta yi daraja daidai da kofin ƙwallo, bisa sharaɗin cewa masu tantancewa za su ziyarci makarantun a ƙarshen rani, lokacin da gaskiyar aikin ke fitowa fili.

Kaɗan ne daga garuruwan Najeriya Allah ya hore wa abin koyarwa a sarari kamar yadda ya hore wa Jos. Garin yana zaune a kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, ga duwatsun Shere a gabas sun haura mita 1,700, inda makarantar horar da matasa ta Man O' War ta daɗe tana koyar da juriya da shugabanci. Daga wannan tudu ne kogin Kaduna da kogin Gongola suka samo asali. Akwai gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8, akwai gidan namun daji da ke kusa da gidan tarihi a tsakiyar gari, sannan ga gangaren ruwa na Assop da duwatsun Riyom ga wanda ya ɗan fita waje.

Wurin da ya fi kama zuciyata shi ne gandun dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga, wajen kilomita 15 daga cikin gari. Faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙidaya nau'in tsuntsaye wajen 300 a cikinsa, kuma a nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take tun farkon shekarun 2000, tana aiki tare da Jami'ar Jos da mutanen Laminga, tana horar da ɗalibai masu neman digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma. A cikin duwatsun wannan gandu akwai wani ɗan jan tsuntsu dangin baiwar Allah, wanda masana ba su tabbatar da shi a matsayin nau'i na daban ba sai a 1998. Yana da wani maƙwabci, ɗan tsuntsu mai baƙin gashi mai sheƙi, wanda macensa ba ta yin sheƙa, sai dai ta lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar jan tsuntsun, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya yi renon ɗan da ba nasa ba. Namijin baƙin tsuntsun yakan girma yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi, kuma ta wannan kukan ne masu bincike suka bi sawu har suka gane jan tsuntsun. Mutane kan taso daga Turai domin su ga waɗannan halittu biyu. Duk malamin kimiyyar da ya taɓa ba yara wannan labari ya san yadda aji kan yi tsit, ya kuma san tambayoyin da kan biyo baya: yaya uwar ba ta gane ba, me ya sa ɗan bai koyi kukan ubansa ba, idan jan tsuntsun ya ƙare shi baƙin ina zai kai ƙwansa. Tambayar ƙarshen nan ita ce ainihin darasin dogaron halittu da juna, kuma yaro ne ke kawo ta da bakinsa.

Duk da wannan arziki, yaron da aka haifa a Gangare ko Unguwar Rogo ko Tudun Wada zai iya gama sakandare bai taɓa taka ko ɗaya daga waɗannan wurare ba. Ya haddace yadda ganye ke sarrafa hasken rana, ya zana shi a littafi, ya ci jarrabawa a kansa, amma idan aka tsayar da shi tsakanin ɗorawa da kaɗanya ba zai bambance su ba, alhali da daddawar ɗaya ake yi masa miya, da man ɗayar kuma aka shafe shi yana jariri. Ba na ɗora laifin a kan malamai. Wanda ke riƙe da aji cike maƙil, ga manhajar da dole ya kammala kafin ƙarshen zango, ga rashin kuɗin mota, ga fargabar abin da zai faru idan yaro ɗaya ya ji rauni a waje, ba abin mamaki ba ne idan ya zaɓi allo da alli.

Amma fa yawancin karatun waje ba ya buƙatar mota. Kogin Dilimi ya ratsa tsakiyar unguwanninmu, kuma ruwansa yana gangarawa arewa maso gabas ta ƙasar Bauchi har ya shiga cikin kogunan da ke nufar Tafkin Chadi. Malamin da ya tsaya da ɗalibansa a kan gada na rabin awa, suka dubi launin ruwan, suka ƙirga ledoji da robobin da suka toshe gefensa, suka lura da masu noman rani da ke ban ruwan kayan lambu da shi, ya koyar da labarin ƙasa da kimiyya da kiwon lafiya a lokaci guda. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta zo da dare ta ci gomman rayuka ta rushe gidaje masu yawa. 'Ya'yan waɗannan unguwanni sun fi kowa cancantar a nuna musu da ido yadda bola a magudanar ruwa da gini a kan hanyar ruwa ke mayar da ruwan sama musiba. Haka nan kududdufan da haƙar kuza ta bari tun daga farkon ƙarni na 20, waɗanda suka warwatsu daga Rayfield zuwa Bukur da Barikin Ladi. A wurin yaro kududdufi wurin wanka ne, ba ya sanin cewa gefensa a tsaye yake kuma zurfinsa ya wuce tunaninsa, shi ya sa ake yawan samun labarin nutsewa. Darasi guda a tsaye nesa da bakin kududdufi, a ƙarƙashin kulawar malami, a kan yadda ramin ya samu da abin da ya sa ruwansa ke da haɗari, zai iya tsare ran da gargaɗin baki bai tsare ba.

Akwai kuma abin da na fi so in gani a hannun kowane ɗalibi, wato ɗan littafin lura. A cikinsa zai rubuta ranar da aka yi ruwan fari, da ranar da ya fara ganin shamuwa, wadda kan taso daga kudanci da gabashin Afirka ta iso mana tare da damina, da lokacin da mangwaro ya yi fure, da tsuntsayen da ke sauka a bishiyar makaranta da safe. Sannan a tura shi ya tambayi kakarsa yawan ungulayen da ke taruwa a mahauta lokacin ƙuruciyarta, ya kwatanta da abin da yake gani yanzu. Ungulun da muka raina saboda yawanta, tun 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta saka ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, sakamakon guba da farautar sassan jikinta domin tsibbu da maganin gargajiya. Makarantar da ta tara irin waɗannan littattafai shekara biyar a jere ta mallaki tarihin yanayin unguwarta, kuma ɗalibanta sun koyi tushen binciken kimiyya, wanda shi ne lura da rubutawa da kwatantawa.

Karrama makarantu a kan irin wannan aiki ba sabon abu ba ne a duniya. Shirin Eco-Schools, wanda wata gidauniyar ilimin muhalli mai hedikwata a Denmak ta fara a 1994, bayan babban taron muhalli na Rio de Janeiro a 1992, yana ba makarantar da ta cika sharuɗɗansa koriyar tuta ta kafa a harabarta. Kafin a ba ta sai ta kafa kwamitin da ɗalibai ne ke jan ragamarsa, su binciki halin da makarantarsu ke ciki ta fuskar shara da ruwa da wuta da tsirrai, su tsara abin da za su gyara, su riƙa auna ci gaban da aka samu, a shigar da aikin cikin darussa, a jawo iyaye da maƙwabta, sannan su rubuta ƙa'idar da suka yarda za su bi. Abin da ya fi burge ni shi ne tutar ba ta dindindin ba ce, dole a sake tantance makaranta kafin ta ci gaba da riƙe ta. A Kenya kuwa tun 1968 ake da ƙungiyoyin kula da namun daji na 'yan makaranta, kuma a nan gida Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya, wadda aka kafa a 1980, ta daɗe tana kafa kulob-kulob na kiyaye muhalli a makarantu. Ke nan ba daga tushe za mu fara ba.

Dalilin da ya sa nake ganin lambar yabo tana da amfani shi ne shugaban makaranta mutum ne mai ɗawainiya da yawa, kuma hankalinsa kan karkata ga abin da ya san za a tambaye shi a kai. Idan ya san akwai ranar da za a kira sunan makarantarsa a gaban kwamishina da takwarorinsa, zai saka awa guda ta karatun waje a jadawali, zai kuma daina kallon malamin da ke jan yara zuwa lambu a matsayin mai ɓata lokacin darasi.

Ga inda damuwata take. Mun saba da bikin Ranar Muhalli ta Duniya a 5 ga Yuni: a kafa rumfa, a kawo dashe a baƙar leda, babban baƙo ya tsuguna ya dasa guda, a ɗauki hoto, yara su yi waƙa, a watse. Lokacin kansa ba shi da laifi, domin a Jos damina ta riga ta kankama a watan Yuni, kuma duk abin da aka dasa zai yi kore shar har zuwa Oktoba ko da ba wanda ya kula da shi. Jarrabawar dashe tana farawa ne daga Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo da iskarsa mai busar da ƙasa, makaranta ta tafi hutun ƙarshen shekara, awakin unguwa suka rasa ciyawa suka dawo kan duk wani ɗanyen ganye, masu ƙona ciyayi kuma suka saki wuta. Zuwa Fabrairu da Maris rijiyoyi sun ja baya, ruwan sha ma sai an saya daga 'yan garuwa. Idan aka ce za a karrama makarantu bisa yawan abin da suka dasa a Yuni ko kyawun hotunan da suka aiko, to za a karrama biki ne, kuma makarantun kuɗi masu katanga da rijiyar burtsatse da ma'aikacin lambu za su kwashe kyautar duk shekara, ko da ɗalibansu ba su taɓa riƙe fartanya ba.

A wata makarantar firamare ta gwamnati da ke arewacin gari na taɓa ganin jerin itatuwan maɗaci da gwaiba sun kai tsayin mutum, a filin da ba katanga. Kowanne an kewaye shi da ƙaya da tsofaffin kwanduna. Na tambayi dattijon da ke gadin wurin yadda aka yi suka rayu.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Wa ke ba su ruwa da rani?"

"Yaran Malama ne, ɗana. Kowane yaro da bishiyarsa, da sunansa a jiki. Ruwan alwala da na wanke hannu ba ma zubarwa, a bokiti muke tarawa. In an yi hutu kuwa ni da na kusa da nan muke yi, don ba zan iya kallonsu su mutu ba."

Ba wanda ya ƙara wa dattijon nan ko malamar ko kwabo a kan albashinsu saboda wannan aiki. Irin wannan makaranta nake so tsarin karramawa ya iya ganowa, kuma ba za a gano ta daga takardar da aka cike a ofis ba.

Saboda haka masu tantancewa su je a watan Maris, ba tare da an sanar da ranar zuwansu ba. Su ƙirga itatuwan da ke raye daga cikin waɗanda aka dasa a daminar da ta wuce da wadda ta gabace ta, su ba da maki mafi yawa ga itatuwan gida irin su ɗorawa da maɗaci da tsamiya da ɓaure, waɗanda tsuntsaye da ƙudan zuma ke amfana da su, fiye da bishiyar turare da aka cika tudun nan da ita a wuraren da aka haƙi kuza, wadda ke saurin girma amma take shanye ruwan ƙasa ta hana ciyawa fita a gindinta. Bayan haka su bar shugaban makaranta a ofishinsa, su zaɓi yara da kansu daga kowane aji, mata da maza, su zaga da su. Wannan wace bishiya ce? Wa ya dasa ta? Ina sharar makarantarku ke zuwa? Ruwan da ya zubo daga rufin ajinku ina yake bi? Amsar yaro ɗan aji huɗu ba ta ɓoye komai, domin wanda ya yi aiki da hannunsa zai ja alƙali da riga ya kai shi wurin bishiyarsa, wanda aka haddatar da shi jawabi kuwa zai tsaya da zarar an sauya tambaya. Su duba littattafan lura su ga ko kwanakin cikinsu sun ratsa shekara, ko kuwa a mako guda aka cike su.

Sannan a auna kowace makaranta da inda ta faro. Wadda ta karɓi fili ƙeƙasasshe, hanyar babura da awaki, ta raya itatuwa goma ta kuma tsaftace kwatar da ke bayanta, ta yi aikin da ya fi na wadda ta gaji lambu ta ƙara masa furanni. Ya dace a raba rukuni tsakanin makarantun gwamnati da masu zaman kansu, tsakanin na cikin gari da na ƙauye, kuma a buɗe ƙofa ga makarantun Islamiyya da na mishan da ma tsangayu. Malamin Islamiyya ba ya buƙatar a kawo masa hujja daga waje, domin yana karantar da hadisin da ya inganta cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta, to sadaka ce a gare shi. Abin da ya rage masa shi ne ɗan fili da dashe da wanda zai ce masa sannu.

Ita kanta kyautar a yi tunani a kanta. Kofi da takardar shaida suna da kyau, amma makarantar da ta yi nasara ta fi buƙatar tankin tara ruwan sama da indararo, da ragar kewaye dashe, da baro da shebur da butar ban ruwa, da madubin hangen nesa guda biyu ko uku na kallon tsuntsaye, da kuɗin motar da za ta kai aji guda Amurum ko gandun namun daji. Kuma kada a tsaya ga sunan makaranta. A kira malamin da ya jagoranci aikin da sunansa, a saka masa takardar yabo a fayil ɗinsa yadda za ta yi masa amfani ranar ƙarin girma, a kira maigadi ko mai shara da ya riƙe dashen lokacin hutu a ba shi nasa a gaban jama'a. Sau da yawa aikin irin wannan yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki sai lambu ya mutu, don haka yana da kyau a ba da maki ga makarantar da ta horar da malami na biyu da kwamitin ɗalibai da za su ci gaba.

Ba zan yi kamar ban san abin da ke zuciyar iyaye ba. Jos ta ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, unguwanni sun rabu, kuma har yau akwai uwar da gabanta kan faɗi idan aka ce za a kai ɗanta wani sashe na gari da ba ta saba da shi ba. Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma tsarin karramawa ya kamata ya girmama shi ta hanyar saka tsaro cikin sharuɗɗa: takardar amincewar iyaye kafin kowace fita, malamai mata tare da 'yan mata, isassun manya masu rakiya, akwatin taimakon gaggawa, sanar da mai unguwa ko dagacin wurin da za a je, da dawowa kafin la'asar. Tare da haka ina ganin wata dama a nan da ba ta samuwa a cikin aji. Idan aka haɗa makaranta daga Nasarawa da wata daga Kabong suka je ƙirga tsuntsaye tare ko suka tsaftace gaɓar rafi ɗaya, yaran za su wuni suna miƙa wa juna madubi da ruwan sha, kuma za su koma gida da sunayen abokai daga unguwar da a da labarinta kawai suke ji. Zan so a ware lambar yabo ta musamman ga makarantu biyu da suka yi aiki tare ta wannan hanya.

Waɗanda za su riƙe tsarin suna nan cikin gari. Ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha su ne ke da iko a kan makarantu, ma'aikatar muhalli tana da ruwa da tsaki a harkar dashe, Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos da Jami'ar Jos suna da malamai da ɗaliban da suka san itace da tsuntsu, waɗanda za su iya zama masu tantancewa, gidan rediyo da talabijin na jiha kuma zai iya ba yaran da suka yi nasara fili su yi bayanin aikinsu da Hausa da Turanci da harsunan iyayensu. Kafin hukuma ta motsa, ƙungiyoyin iyaye da malamai na makarantu biyar ko shida a unguwa ɗaya za su iya farawa a tsakaninsu. Su yi dashe a watan Yuni, su rubuta adadi da nau'in abin da kowace makaranta ta dasa, su ajiye takardar a hannun mai unguwa, sannan su roƙi malami guda daga kwalejin gandun daji ya zo a watan Maris na shekara mai zuwa ya ƙirga tare da yaran. Ni dai zan gabatar da wannan shawara a taron iyaye na wannan zango, kuma na ɗauki alƙawarin sayen ragar da za a kewaye dashen ajin 'yata.